Pamela Cook, Malamar da Ta Kai 'Yan Matan Garin Kwal Gasar Duniya

Mansfield gari ne na ma'aikata a gundumar Nottinghamshire da ke tsakiyar Ingila. A da, maza na shiga ramukan haƙar kwal, mata da yawa kuma na aiki a masaƙu. Ba a san garin da manyan makarantun kiɗa ba, ba a kuma san shi da fitattun mawaƙa ba. A nan ne wata malamar koyar da waƙa mai suna Pamela Cook ta tara 'yan mata a shekarar 1968, ta kafa ƙungiyar mawaƙa ta Cantamus. Ita ta riƙe ragamar ƙungiyar tsawon shekara 45, har zuwa rasuwarta a watan Yulin 2013.

A wajenmu an saba jin mawaƙi ya jefa ɗango, 'yan amshi su karɓa da murya ɗaya. Irin wannan ƙungiya ta Turai tsarinta daban ne. Ana raba mawaƙan gida uku ko huɗu, wani lokaci ma fiye da haka: masu siririyar murya a sama, matsakaita a tsakiya, masu kauri a ƙasa. Kowane gida da karin da yake bi, kuma duk a lokaci guda suke rerawa. Jagora na tsaye a gabansu, da hannu da ido take nuna inda za a ɗaga, inda za a sassauta da inda za a ja numfashi. Yarinya ɗaya ta kauce kaɗan, kunnen gwani zai kama.

Babbar wahalar aikin Cook tana cikin dokar ƙungiyar kanta. Mambobin kimanin arba'in ne, 'yan shekara 13 zuwa 19. Ke nan duk shekara sai waɗanda suka fi gogewa sun tafi jami'a ko wurin aiki, a kawo sababbi waɗanda ko numfashi ba su iya riƙewa ba. Cikin shekara shida an sauya kowa. Ƙungiyar manya na iya dogara da gwanayenta shekara ashirin. Cook kuwa kullum tana cikin sabon gini.

Ga kuma batun jiki. Kowa ya san muryar yaro na fashewa idan ya balaga, amma kaɗan ne suka lura cewa ta yarinya ma tana sauyawa. Maƙogwaronta na girma, tantanin muryar ba ya haɗuwa sosai na wani lokaci, sai iska ta riƙa zurarewa, muryar ta yi dishi-dishi, wasu sautukan da take kai wa a da su gagare ta. Ba'amurkiyar nan Lynne Gackle ta yi bincike mai zurfi a kan matakan wannan sauyi. Malamin da bai san da haka ba yana iya tilasta wa yarinya har ya ɓata mata murya.

Maganin da Cook ta kawo shi ne kada a koyar da 'yan matan a dunƙule kawai. Bayan atisayen da ake yi tare, kowace yarinya tana da nata darasin ita kaɗai da malama, ana koya mata tsayuwa, jan numfashi, buɗe baki da furta baƙi da wasali, kamar wadda ake shiryawa ta tsaya ita kaɗai gaban jama'a. Wasu jagorori na tsoron haka, suna ganin idan kowa ya zama gwani muryoyi ba za su haɗu ba. Cantamus ta nuna akasin haka: idan hanya ɗaya aka bi wajen gyara muryoyi arba'in, haɗuwarsu ba ta wuya, kuma sautin yana fita da cika da nauyin da ba a zata daga bakin matasa.

Sai matsalar abin rerawa. Yawancin manyan waƙoƙin taro na Turai an tsara su ne da muryoyin maza a ƙasa. A nan Michael Neaum ya shigo, wanda ya yi kusan shekara 30 yana kaɗa wa ƙungiyar fiyano. Ya riƙa ɗauko waƙoƙin gargajiya na ƙasashe daban-daban yana sake tsara su daidai da muryoyin mata zalla. An buga da yawa daga cikinsu, ƙungiyoyin 'yan mata a wasu ƙasashe ma suna amfani da su har yau.

Sakamakon ya fito fili a fagen gasa. A 1997 Cantamus ta lashe kambun gwarzuwar ƙungiyar mawaƙa ta duniya a bikin Llangollen na yankin Wales, bikin da aka fara tun 1947, wanda Luciano Pavarotti ya taɓa halarta yana saurayi a 1955 cikin ƙungiyar mawaƙan garinsu Modena. A wannan mataki ba a ware yara. Zakarun rukunoni ne ke karawa, har da na manya. Cantamus ta kuma ciwo lambobin zinariya a gasar mawaƙa ta duniya da aka yi a Bremen ta Jamus a 2004, da ta Xiamen a ƙasar Sin a 2006. A 2005 kamfanin EMI ya fitar da faifansu mai suna Aurora. Ita kanta Cook, fadar Sarauniyar Ingila ta ba ta lambar girmamawa ta MBE.

Sai an duba zamanin kafin a gane nauyin wannan aiki. Shekaru aru-aru manyan majami'un Ingila yara maza suke horarwa a waƙa. Sai a 1991 babbar majami'ar Salisbury ta kafa rukunin 'yan mata mai matsayi ɗaya da na maza. Cantamus ta riga ta da shekara 23. A tsakanin nan kuma arzikin Mansfield na ta zaizayewa. Bayan yajin aikin masu haƙar kwal na 1984 zuwa 1985, ramukan yankin suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya, har na ƙarshe a gundumar, wato Thoresby, ya rufe a 2015. Cikin wannan hali 'ya'yan garin ke ɗaukar jaka su tafi ƙetare su dawo da kofi.

Ƙungiyoyi da yawa irin wannan suna watsewa da zarar mai su ya kau, domin komai a kansa yake. Cantamus ba ta watse ba. Ann Irons, wadda ta daɗe tana koyarwa tare da Cook, ita ta karɓi jagoranci. Wasu daga cikin tsofaffin mambobin sun zama mawaƙan sana'a, wasu malaman waƙa a makarantu. Duk wanda ke tafiyar da makaranta ko ƙungiyar matasa yana da abin dubawa a nan: Cook ta san tun ranar da yarinya ta shigo cewa shekara shida kawai gare ta da ita, don haka ta zuba ƙarfinta a kan hanyar koyarwa da kuma horar da malaman da za su ci gaba da bin hanyar bayanta.