BABI NA BIYU: KEƁAƁƁUN KALMOMI DA TUSHEN KIMIYYAR FARCE

2.0 Gabatarwa

A wannan babi za a duba keɓaɓɓun kalmomin da ake bukatar mai shirin jarrabawar gyaran farce ya sani. A jihohin Amurka, alal misali, mai neman lasisin wannan sana'a yakan zauna jarrabawar da ta shafi ginin farce da cututtukansa da tsabtar kayan aiki. Galibin kalmomin daga Girkanci da Latin suka fito, saboda haka an yi ƙoƙarin ba su ma'ana da Hausa. Manufar babin ita ce a nuna cewa waɗannan kalmomi su ne ke shata iyaka tsakanin mataccen sashe da ake yankewa da rayayyen sashe da ba a taɓawa. Wannan iyaka kuwa ta shafi ma'aikaciyar shagon kwalliya kamar yadda ta shafi mai yankan farce da ke yawo da almakashi a kasuwa.

2.1 Farce da Sassansa

Hausawa suna kiran wannan sashe na jiki farce ko ƙumba ko akaifa, gwargwadon karin harshe. A kimiyyance, farce ya ginu ne da wani sinadari mai tauri da ake kira keratin, wanda shi ne kuma ya gina gashi. Muhimman sassansa su ne:

(a) Allon farce: shi ne sashe mai tauri da ido ke gani. Ba shi da jini, ba shi da jijiya, shi ya sa ba a jin zafi idan an yanke bakinsa.

(b) Shimfiɗar farce: ita ce rayayyiyar fatar da allon ke kwance a kanta. Jinin da ke cikinta ne ke ba farce launin ja-ja.

(c) Mahaifar farce: tana ɓoye a ƙarƙashin fata a gindin farce, kuma a nan ake samar da sababbin ƙwayoyin halitta. Idan ta sami mummunan rauni, farce na iya fitowa a karkace har abada.

(d) Jinjirin wata: shi ne farin baka da ake gani a gindin farce, musamman a babban yatsa. Likitoci na kiransa lunula, wato ɗan ƙaramin wata da Latin.

(e) Eponikiyam da kutikul: na farkon rayayyiyar fata ce a gindin farce, na biyun kuwa siririyar matacciyar fata ce da ke manne a kan allo.

A sashe na ƙarshen nan ne ake yawan ruɗewa, domin mutane kan kira su duka da suna ɗaya. Kutikul kaɗai ake kankarewa. Wanda ya yanke eponikiyam ya buɗe wa ƙwayoyin cuta ƙofa.

2.2 Tsirar Farce

Farcen hannu yana ƙaruwa da kimanin milimita 3 a wata, yana kuma ɗaukar wata 4 zuwa 6 kafin ya sabunta gaba ɗaya. Na ƙafa ya fi jinkiri, yakan kai wata 12 zuwa 18. Matan Hausawa sun daɗe da ganin wannan a aikace. Sinadarin da ke cikin lalle yana kama keratin ya zauna, don haka jan ƙunshi ba ya gogewa daga farce. Sai dai a ga yana matsawa gaba, sabon farce mai haske yana biyo shi daga gindi. Wannan ya tabbatar da cewa daga mahaifa farce ke tsirowa, ba daga baki ba.

2.3 Sunayen Cututtuka

Girkawa na kiran farce oniks. Ɗalibin da ya riƙe wannan saiwa zai gane kalmomi da dama ko bai haddace su ba. Onikomaikosis shi ne kamuwar farce da fangas, inda yake yin kauri ya sauya launi. Onikolaisis shi ne rabuwar allo da shimfiɗarsa. Paronikiya kuwa kumburi ne na fatar gefen farce, wanda kan tara mugunya, kuma yana cikin abin da Bahaushe ke kira karkare. Haka kuma, farcen da ya lotsa kamar cokali yakan nuna ƙarancin sinadarin ƙarfe a jini. Ƙa'idar sana'a ita ce, mai gyaran farce ba ya aiki a kan yatsa mai kumburi ko mugunya ko rauni. Abin da ya kamace shi shi ne ya shawarci mai yatsan ya ga likita.

2.4 Tsabtace Kayan Aiki

Jarrabawa takan bambance matakai uku. Na farko shi ne wankewa da ruwa da sabulu domin kawar da dauɗa. Na biyu shi ne jiƙa kaya a cikin maganin kashe ƙwayoyin cuta na tsawon lokacin da aka rubuta a jikin kwalba. Na uku shi ne kashe dukkan ƙwayoyi a tukunyar tururi mai zafin digiri 121 a ma'aunin Salshiyas. Shafa wa almakashi tsumma bai kai ko matakin farko ba. Ƙwayar ciwon hanta nau'in B tana iya rayuwa a wajen jiki aƙalla kwana 7, ko da a busasshen jini ne. Bugu da ƙari, a shekarar 2000 fiye da mutum 100 sun kamu da maruru a ƙafafu a wani shago da ke jihar Kalifoniya, saboda ba a tsabtace matatar kwamin jiƙa ƙafa.

2.5 Naɗewa

A wannan babi an ga sassan farce da yadda yake tsirowa da sunayen cututtukansa da matakan tsabta. An kuma fahimci cewa wanda bai bambance eponikiyam da kutikul ba, ko wankewa da kashe ƙwayoyin cuta, asararsa ba ta tsaya ga maki a jarrabawa ba, domin lafiyar wanda ya miƙa masa hannu ce a tsakani. Babi na gaba zai duba sinadaran jan farce da farcen roba.