Ruwa Ba Ya Tsami Banza? Faɗakarwa Kan "Labaran Safiya" Da Ke Yawo A Wayoyinmu

Akwai wata ɗabi'a da ta samu gindin zama a ƙasar Gwarzo da Kabo, kuma na gaji da ganinta. Kullum kafin a idar da sallar asuba, an riga an jefo dogon saƙo a zaurukan WhatsApp da shafukan Facebook, wai "taƙaitattun labaran safiyar yau". Za ka ga kanun labarai jere reras: na siyasar Kano, na Abuja, na masarauta, na 'yan fim, a rufe da farashin masara da na taki. Babu sunan wanda ya rubuta, babu kwanan wata, sai tambarin wata babbar kafar labarai da aka kwafo aka liƙa a sama. Kafin hantsi ya dubi ludayi, saƙon ya zaga Getso da Kutama da Lakwaya, ya leƙa Garo da Gude da Godiya, an karanta shi a teburin mai shayi, an yi musu a kansa a tasha, wani ma har ya yi fushi da maƙwabcinsa.

Labarin ƙanzon kurege ba ya buƙatar dogon bayani, kowa ya san shi. Abin da ya kamata a gane game da waɗannan jerin labarai shi ne yadda ake haɗa su. Mafi yawan kanun gaskiya ne, an tsinto su daga rediyo ko jarida. Sai a cusa ƙarya guda a tsakiya, ko a ɗauko tsohon labari a yi masa sabuwar riga. Mai karatu ya ga na farko daidai, na biyu ma ya ji shi a rediyo jiya, sai ya haɗiye na bakwai ba tare da ya tauna ba. Wannan guda ɗin shi ne maƙasudin saƙon gaba ɗaya. Sauran rakiya suka yi masa.

Idan ka ce wa mutum, "Malam, wannan fa ba a tabbatar ba," amsar da za ka ji ɗaya ce daga Gwarzo har Kabo: "Ai ruwa ba ya tsami banza. Da babu wani abu, da ba a faɗa ba." A kan wannan magana nake so mu tsaya, domin ita ce ginshiƙin ɓarnar.

Magabata sun yi gaskiya, komai yana da dalili. Amma ba su ce dalilin shi ne abin da ake faɗa gaskiya ne ba. Sau da yawa wani ne ya lallaɓo da dare ya zuba wa ruwan tsamiya, ya koma gefe yana kallon yadda za mu yamutsa fuska. Dalilin yaɗuwar labari yana iya zama kuɗin da aka biya wani, ko gabar siyasa, ko neman mabiya a TikTok, ko kuma wasan banza na yaron da ya rasa abin yi.

Mu tuna watan Agustan 2014, jim kaɗan bayan cutar Ebola ta shigo Legas. Cikin dare ɗaya saƙo ya game ƙasa cewa kowa ya tashi kafin gari ya waye ya yi wanka da ruwan gishiri, ya kuma sha. Iyaye suka riƙa tashin yara daga barci, 'yan'uwa na bugo waya daga birni suna rantsuwa. Babu likitan da ya faɗi haka. An kwantar da mutane a asibitoci, an kuma ba da rahoton mutuwar aƙalla mutum biyu saboda yawan gishirin da suka ɗirka. Ita kuwa Ebolar, mutum 20 ta kama a duk Najeriya, 8 suka rasu, ba ta ma iso Kano ba, kuma a watan Oktoban shekarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce an rabu da ita. To, ina gaskiyar da ke ƙarƙashin maganar gishiri? Miliyoyin mutane sun faɗa, kuma ƙarya ce tsagwaronta.

Wani zai ce, "To ai wani lokacin akwai ƙamshin gaskiya." Haka ne, kuma irin wannan ya fi haɗari. A 1996 kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara masu sanƙarau a Kano, wasu suka mutu, wasu suka nakasa. Wannan ya faru, an yi shari'a a kai, har aka biya diyya. Amma da aka ɗora a kan wannan tabo aka ce allurar rigakafin shan inna tana hana haihuwa, sai aka dakatar da rigakafin a Kano a 2003, ba a dawo da shi ba sai tsakiyar 2004. A wannan tsakani cutar ta bazu zuwa ƙasashen da suka riga suka rabu da ita, yara suka shanye. A Fabrairun 2013 aka harbe ma'aikatan rigakafi tara a cikin birnin Kano. Sai a Agustan 2020 aka tabbatar Najeriya ta fita daga jerin masu asalin ƙwayar cutar. Zaluncin 1996 gaskiya ne, maganar hana haihuwa ƙarya ce, kuma kasancewar na farko bai wanke na biyu ba.

A fagen siyasa kuwa, babu yankin da ya kamata ya yi taka-tsantsan kamar namu, domin Allah Ya tara mana manya a kowane ɓangare. Sanata Barau Jibrin, wanda ya zama mataimakin shugaban Majalisar Dattawa a 2023, ɗan Kabo ne. Murtala Sule Garo, wanda ya yi wa Nasiru Yusuf Gawuna takarar mataimaki a zaɓen 2023, shi ma daga ƙaramar hukumar Kabo yake. Kwamared Aminu Abdussalam, wanda aka zaɓa mataimakin Gwamna Abba Kabir Yusuf a wannan zaɓe, ɗan Gwarzo ne. Haka Abdullahi Tijjani Muhammad Gwarzo, mataimakin gwamna a zamanin Malam Ibrahim Shekarau daga 2007 zuwa 2011, wanda ya riƙe ƙaramin ministan gidaje daga 2023 zuwa Oktoban 2024. Ga Sanata Bello Hayatu Gwarzo da ya daɗe yana wakiltar Kano ta Arewa har zuwa 2015. Kowannensu yana da masoya, yana da 'yan adawa, kuma a gida ɗaya za ka tarar wa yana nan, ƙane yana can. Ƙaryar da mutumin wata jiha zai karanta ya yi dariya ya wuce, a nan tana iya raba zumunci.

Dubi shari'ar zaɓen gwamna. A ranar 20 ga Satumban 2023 kotun sauraron ƙararrakin zaɓe ta soke ƙuri'u 165,663 ta ce Gawuna ne ya ci. A ranar 17 ga Nuwamba kotun ɗaukaka ƙara ta goyi bayan cire Abba, sai kuma takardar hukuncin ta fito da wani sakin layi mai cin karo da abin da aka karanta, kotun ta ce kuskuren rubutu ne. Daga nan har zuwa 12 ga Janairun 2024, ranar da Kotun Ƙoli ta tabbatar wa Abba kujerarsa, sau nawa aka "yanke hukunci" a wayoyinmu? Yau a ce an ga takardar sirri, gobe a ce wani alƙali ya tsegunta wa wani. Kowane ɓangare yana da nasa mai "majiya mai tushe". Da ruwa ba ya tsami banza a yadda muke fassara shi, ai da dukansu biyun sun hau kujera ɗaya.

Rikicin masarauta ma haka. A 2019 gwamnatin Ganduje ta ƙirƙiro masarautun Bichi da Rano da Gaya da Ƙaraye, aka sa Gwarzo da Kabo ƙarƙashin Ƙaraye. A Mayun 2024 aka soke dokar, aka maido da Muhammadu Sanusi II, Aminu Ado Bayero kuma ya sauka a gidan Nasarawa. Tun daga lokacin, duk umarnin wucin gadi da wata kotu ta bayar sai a rubuto shi da manyan baƙaƙe a matsayin hukuncin ƙarshe, a kuma haɗa da bidiyon hawan sallar wata shekara a ce jiya aka ɗauka.

'Yan fim kuwa sun sha mutuwa a waya suna raye. Marigayi Rabilu Musa Ibro an kashe shi da baki kafin ajalinsa ya zo a Disamban 2014. Shi kansa marigayi Shugaba Buhari sai da ya fito a ƙasar Poland a Disamban 2018 ya ce shi ne da kansa, bayan an cika duniya da cewa ya rasu an sauya shi da wani Jubril daga Sudan. Ka yi tunanin uwar da za ta buɗe waya ta ga hoton ɗanta an rubuta masa ta'aziyya alhali yana cikin ɗaki. Haba jama'a, ina tausayi?

Kuma kada wanda ya tura ya fake da cewa, "Ni ba ni na rubuta ba, yadda aka turo min haka na tura." A Suratul Hujurat an umarce mu da yin bincike kafin mu karɓi labari, don kada mu cutar da mutane cikin jahilci mu koma muna nadama. A Suratun Nur kuma, a ƙissar ƙagen da aka yi wa Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, ba wanda ya ƙirƙira kaɗai aka tsawatar wa ba, har da waɗanda suka riƙa karɓa daga baki zuwa baki suna ɗaukar abin da sauƙi. Yatsan da ya danna turawa zai yi bayani. A nan duniya ma akwai dokar laifukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ga kuma dokar ɓata suna.

Talauci da ƙarancin karatu da jinkirin hukumomi wajen fitowa su yi bayani duk suna da nasu kaso a wannan ɓarna, ban musa ba.

To mene ne abin yi? Da farko, duba kwanan wata. Jerin labaran da babu rana, babu sunan marubuci, babu inda za ka bi ka same shi, ka ɗauke shi hirar majalisa. Idan an liƙa tambarin BBC Hausa ko Aminiya ko Freedom Radio, shiga shafinsu na ainihi ka duba; minti biyu ya isa. Idan babu data, ka jira labaran rana ko na yamma a rediyo. Babban labari irin na tsige sarki, ko sauya sheƙar sanata, ko rasuwar fitaccen jarumi, ba ya ɓuya. In har gari ya waye ya yi duhu babu tashar da ta ɗauka, ka san inda aka dosa.

Ka yi hattara da duk saƙon da ya fara da "Yanzu-yanzu" ko "Da ɗumi-ɗumi" ya ƙare da "Don Allah a tura wa kowa, kada a bari ya tsaya a wajenka." Mai gaskiya ba ya haɗa ka da Allah don ka yaɗa masa labari. Saƙon murya kuma, wanda wani zai ce "ni ne na gani da idona" bai faɗi sunansa ba, bai faɗi garin ba, ba shaida ba ne. Yanzu ma da fasahar ƙirƙirarriyar basira ana iya kwaikwayon muryar malami ko ɗan siyasa, a sa masa maganar da bai taɓa furtawa ba, har da motsin leɓe. Ji da kunne da gani a allon waya sun daina zama hujja su kaɗai.

Ka bambance labari da ra'ayi. Sojojin baka da ke shiga shirye-shiryen siyasa a gidajen rediyo aikinsu kare uban gida, kuma kowa ya san lokacin saye ake yi. Ka saurara don nishaɗi in kana so, amma kada ka ɗauko maganarsu ka kai gida a matsayin abin da ya faru.

Labarin tsaro ya fi kowane buƙatar nutsuwa. Muna iyaka da Katsina, fargabar mutanenmu ba ta banza ba ce. Saboda haka ne ma bidiyon harin wata jiha, na wata shekara, idan aka rubuta masa sunan ƙauyenmu, zai iya sa mata da yara kwana a daji, a watse daga kasuwa, ko a far wa baƙon da bai ji ba bai gani ba. Idan ka samu irin wannan, kira mutumin da ka sani a garin. Sanar da mai unguwa ko dagaci, su suna da hanyar kai wa hakimi da 'yan sanda. Zauren WhatsApp ba ofishin tsaro ba ne.

Labarin kuɗi ma haka. A rikicin sauya fasalin naira na 2023 mun ga yadda maganar "an daina karɓa" ta riƙa sa mutanen karkara rabuwa da kayansu a wulaƙance, alhali daga baya Kotun Ƙoli ta ce tsofaffin takardun su ci gaba da aiki. Duk saƙon da ya ce ana rabon tallafi, ka danna nan ka sa lambar BVN ko lambar sirrin katinka, na ɓarayi ne. Je ka banki ko sakatariyar ƙaramar hukuma ka tambaya.

Shugabannin zauruka, nauyi na wuyanku. Ku kafa doka: duk wanda ya kawo labari ya kawo inda ya samo shi, wanda ya maimaita ƙarya a yi masa gargaɗi, in ya ƙi a fitar da shi, ko da Alhajin gari ne. Wanda kuma ya gano abin da ya tura ba haka yake ba, ya koma wurin da ya tura ya warware, kada ya yi shiru don jin kunya. Ɗalibanmu da malaman makaranta, ku da kuke karanta wa iyaye saƙo, ku riƙa gaya musu wanne aka tabbatar, wanne ba a tabbatar ba, cikin ladabi. Limamai kuma su ba wannan batu huɗuba guda, ya cancanta.

Duk lokacin da zaɓe ya matso, masu wannan sana'a sukan ƙara ƙaimi, kuma kowane ɓangare yana da nasa. Gwajin da ya fi wuya shi ne labarin da ya yi maka daɗi, wanda ya muzanta wanda ba ka so. Shi ya fi cancantar ka tsaya ka bincika, domin shi ne za ka fi saurin turawa. In ka bincika ba ka samu tabbaci ba, ka bar shi ya mutu a wayarka. Allah Ya tsare mana harsunanmu da yatsunmu, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya.