Dakoro: goyo a baya, aiki a gaba

Garin Dakoro yana arewa da Maraɗi, a inda gonakin hatsi suke ƙarewa, makiyaya take farawa. Dokar 1961 da ta shata iyakar noma ta arewa ta bi ta wannan yanki, kusa da kwarin Tarka. Ƙidayar jama'a ta 2012 ta nuna gundumar tana da mutane fiye da 600,000: Hausawa, Fulani da Abzinawa. A nan ruwan sama kaɗan ne, rijiyoyi kuwa masu zurfi ne ƙwarai. Saboda haka wanda yake son sanin nauyin da ke kan iyaye, sai ya zauna wurin da abokai suke taruwa bayan la'asar.

Mata suna haɗuwa ranar zubin adashe. A tabarma guda za ka ga malamar lakkwal, da ma'aikaciyar likita, da mai tuyar ƙosai, da mai sai da hura. Kafin a ƙirga kuɗi, sai an gama hira. Wannan ta kwana ba barci don zazzaɓin yaro, da safe kuma ta tsaya gaban allo. Waccan ta bar tuwo a kan wuta, aka kira ta karɓar haihuwa. Wata kuma murna take yi, ɗanta ya fara tafiya, ko ɗiyarta ta zo ta ɗaya a aji. A yi dariya, a yi jaje, a ba da shawara. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo, amma in ya faɗa wa maƙwabci, sai a samu mai kawo tsani.

Maza ma suna da tasu fada, ana dafa shayi. Maganarsu ba ta wuce kuɗin hatsi, da littattafan yara a watan Oktoba, da ragon suna. Ma'aikacin da aka yi wa canjin wuri zuwa Kornaka ko Birnin Lalle yana lissafin ko ya tafi da iyali, ko ya bar su a gari don kada karatun yara ya katse. Manomi kuma, da an gama girbi, yana shirin cin rani a Maraɗi, ko Kano, ko Agadas, wasu har Libiya da Aljeriya. Wata biyar ko shida uwa ce uba, ita ce uwa.

Nauyin ba ƙarami ba ne. Binciken lafiyar jama'a na ƙasa na 2012 ya nuna mace a Nijar tana haihuwar ƴaƴa fiye da 7 a rayuwarta, jahar Maraɗi kuwa fiye da 8. Mutanen Dakoro ba su manta da farin 1973 da na 1984 ba, balle ƙarancin abinci na 2005, lokacin da aka buɗe wuraren jinyar yara masu tamowa a garin.

Hukuma ta ɗauki matakai. A 2006 aka yanke cewa a duba yaran da ba su kai shekara 5 ba kyauta. Dokar aiki ta 2012 ta ba ma'aikaciya hutun haihuwa na mako 14, kuma cikin wata 12 bayan haihuwa tana da izinin shayar da jariri har awa 1 kowace rana a lokacin aiki. Ya kamata kowace ma'aikaciya ta san wannan hakki, kowane shugaban ma'aikata kuma ya kiyaye shi. Amma mu faɗi gaskiya: yawancin matan Dakoro ba masu albashi ba ne. Mai daka, da mai jan ruwa, da mai tatsar nono ba su da takardar hutu. Bayan arba'in, sau da yawa ma kafin nan, sun koma bakin turmi.

To, wa yake riƙe jariri in uwa ta fita? Nan ne maganar take da zafi. In akwai kaka a gida, madalla. In babu, sai a juya ga babbar ɗiya. Yau ta makara don ɗibar ruwa, gobe ta yi fashi don raino, jibi an ɗora mata talla. Kafin shekara ta ƙare an shafe sunanta daga littafin kira. Har ma'aikaciya mai ilimi takan ɗauko ƴar ƙauye ta yi mata raino, ɗiyarta na lakkwal, ɗiyar wata na goyo. A ƙarshen 2017 gwamnati ta fitar da doka don kare karatun ƴaƴa mata, amma doka ba ta shiga tsakar gida sai iyaye sun buɗe mata ƙofa.

Maganin wani ɓangare na wannan matsala yana kan tabarmar hirar nan. A jahar Maraɗi ne, a 1991, ƙungiyar CARE ta fara tsarin Mata Masu Dubara. Mata su haɗa kai, su zuba ɗan abin da ya sawwaƙa kowane mako a cikin asusu, mai bukata ta ci bashi ta biya, in lokaci ya cika a raba. Wannan dubara ta ƙasarmu ta bazu zuwa ƙasashe da dama na Afirka da ma wajenta. Matan da suka iya amincewa juna a kan kuɗi, za su iya amincewa juna a kan yara. Uwaye biyar na unguwa guda suna iya yin karɓa-karɓa, kowace ta riƙe ƙanana rana ɗaya. Ko kuma su ware wani abu daga asusu, su biya dattijuwa guda ta zauna da su a rumfa. Ta haka uwa ta je aikinta da kwanciyar hankali, yarinya kuma ta je lakkwal.

Maza kuma kada su ce wannan zancen mata ne. Uban da ya ɗauki yaro ya kai shi likita, ko ya duba littafin ɗiyarsa da dare, bai rage komi daga girmansa ba. Wanda ya yi yaƙi da jahilci ya san zafin rashin karatu, bai kamata ya gadar wa ɗiyarsa shi ba. Magadan gari da sarakuna su ma suna iya ba da fili kusa da kasuwa da ma'aikatu don rumfunan raino.

Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ƴan uwa, ranar zubi mai zuwa, bayan an gama dariya da jaje, a tambayi juna: ɗiyar wa ce ba ta je lakkwal ba wannan mako, kuma me ya hana ta? Allah ya raya mana zuri'a, ya sa albarka a cikin nemanmu.