Zaman Masu Neman Rabuwa Da Giya

Haramcin giya ba abin musu ba ne. Abin da ba mu cika tambaya ba shi ne, ina wanda ta riga ta kama zai nufa?

A 1935, a garin Akron na Amurka, wasu mashaya biyu, Bill Wilson da likita Bob Smith, suka gane cewa mashayi ya fi jin maganar wanda ya ɗanɗani irin wahalarsa. Asalin ƙungiyar Alcoholics Anonymous ke nan. A zamansu kowa sunansa na farko kaɗai yake faɗi, ya ba da labarin faɗuwarsa da tashinsa. Wanda bai shirya ba sai ya saurara. Ba kuɗin shiga, kuma abin da aka faɗa nan ake barinsa. A 1989 Musulmin Baltimore suka kafa Millati Islami, suka ɗora tsarin bisa Alƙur'ani da Sunna.

Mai nema a ƙasarmu ya tambayi masu ba da shawara na hukumar NDLEA, ko asibitin ƙwaƙwalwa irin na Barnawa a Kaduna, inda ake irin wannan zama. Ana yi ta intanet ma. Amma ya fara ganin likita, domin yankewa farat ɗaya kan jawo wa tsohon mashayi karkarwa, har da farfaɗiya.

To, saura mu. Bukhari ya ruwaito cewa wani ya tsine wa mutumin da aka sha kamawa da giya, Manzon Allah (S.A.W.) ya hana, ya shaida cewa mutumin yana son Allah da ManzonSa. Mu kuwa, ɗan unguwa ya shiga asibitin nan da hantsi, kafin La'asar labari ya gama gari. Shi ya sa da yawa suka gwammace su ɓoye ciwonsu a ɗaki.