Satar Hoto a Soshiyal Midiya: Abin da Doka Ta Tanada da Matakan Ɗauka

Amfani da hoton mutum ba da izininsa ba ya zama ruwan dare a Facebook da Instagram da TikTok da WhatsApp. Hoton da aka ɗauka wajen biki a unguwar Gwarinpa ta Abuja, ko wanda ma'aikaci ya sa a fuskar shafinsa, cikin ƙiftawar ido ake kwafe shi, ya koma hannun wanda mai hoton bai taɓa sani ba. Da yawa daga waɗanda abin ya shafa kan yi shiru, wasu don kunya, wasu don zaton babu inda za a kai kuka. Alhali Najeriya na da dokoki a kan wannan, kuma hedikwatar yawancin hukumomin da ke aiwatar da su tana Abuja.

Yadda ake cin amanar hoto

Hanya ta farko ita ce sojan gona. Ɗan damfara ya buɗe shafi da suna da hoton wani, ya bi 'yan uwa da abokansa yana roƙon kuɗin asibiti, ko ya yaudari wata da soyayyar ƙarya. 'Yan fim da malamai da jami'an tsaro na yawan faɗawa wannan tarko, domin jama'a na saurin amincewa da fuskarsu.

Ta biyu ita ce talla. Masu sayar da man bilicin ko kayan mata ko maganin rage ƙiba kan ɗauki hoton wata, su nuna kamar kayansu ne suka gyara ta. Haka wasu masu kwalliya da masu ɗaukar hoton biki ke baza hotunan amare don jawo ciniki, ba tare da sun tambayi kowa ba.

Ta uku cin mutunci ne: a liƙa wa hoto labarin ƙarya, ko a sauya shi da manhajojin ƙirƙirarriyar basira har ya nuna abin da bai taɓa faruwa ba. Ta huɗu, wadda ta fi muni, ita ce barazanar fallasa hoton sirri idan ba a biya kuɗi ba. A watan Yulin 2024 kamfanin Meta ya sanar da rufe shafukan Instagram kimanin 63,000 a Najeriya saboda irin wannan ƙwace.

Hoton na wane ne?

Nan ne mutane da yawa ke ruɗewa. A dokar haƙƙin mallaka, hoto na wanda ya ɗauka ne, ba na wanda aka ɗauka ba. A 2021 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tabbatar da haka a shari'ar wata mata da kamfanin NTA-Star TV, bayan an sa hotonta a allunan talla. Saboda haka wanda ya ɗauki kansa da wayarsa shi ne mai hoton, kuma yana da ikon neman a sauke shi duk inda aka kwafa.

Sai dai Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Maris 2023, ta kawo sauƙi. Wanda ya sa aka ɗauke shi hoto don amfanin kansa ko na iyalinsa, kamar hoton aure ko na suna, yana da ikon hana a wallafa shi ga jama'a, sai in akwai wata yarjejeniya tsakaninsa da mai ɗaukar. Ke nan mai situdiyo ba shi da hurumin tallata hoton amarya in ta ce a'a.

Sauran dokokin da ke ba da kariya

Sashe na 37 na Tsarin Mulkin 1999 ya tabbatar wa kowane ɗan ƙasa 'yancin sirrinsa. A kan wannan tushe aka gina Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023, wadda Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin shekarar. Hoton da za a iya gane mutum da shi yana cikin bayanan da take karewa. Ta bai wa mutum ikon janye izinin da ya bayar da kuma neman a goge bayanansa. Ta fi tasiri a kan kamfanoni da 'yan kasuwa, kuma babban kamfani na iya fuskantar tarar naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigarsa na shekara, duk wanda ya fi yawa.

Dokar Laifukan Intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ita ke hukunta masu mugun nufi. Sashe na 22 ya shafi sojan gona da niyyar zamba, inda hukuncin kan kai ɗaurin shekara 5 ko tarar naira miliyan 7, ko duka biyun. Sashe na 24 ya shafi barazana da aika abubuwan batsa, sashe na 23 kuma hotunan batsa na ƙananan yara. A Abuja akwai ƙarin Dokar Hana Cin Zarafi ta 2015, wadda ta haramta bibiya da tsoratarwa, sannan kundin Penal Code ya sanya ɓata suna cikin laifuka.

Matakan da ake ɗauka

Matakin farko shi ne adana hujja, tun kafin a yi wa ɓarawon magana. A ɗauki hoton fuskar waya yadda sunan shafin da ranar wallafa za su fito, a kwafe adireshin shafin, a ajiye saƙonni da lambar asusun bankin da aka nemi a tura kuɗi. Kada a goge komai daga wayar, domin sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya amince da hujjar na'ura idan an cika sharuɗɗanta. Manhajar Google Lens ko TinEye na taimakawa wajen gano sauran wuraren da hoton ya kai.

Na biyu, a kai rahoto ga kamfanin manhajar. Kowace tana da wurin ƙorafi, kuma zaɓar dalilin da ya dace, sojan gona ne ko keta sirri ko satar haƙƙin mallaka, yana sa a duba da wuri. A sanar da dangi da abokai cewa shafin na bogi ne, don kada a cuce su.

Idan ɗan kasuwa ne ko mai situdiyo da aka sani, wasiƙa a rubuce mai neman ya sauke hoton cikin wa'adi takan wadatar, musamman in ta fito daga lauya.

Idan hoton sirri ne, biyan kuɗi ba ya kashe wutar, ƙara wa mai barazanar kwaɗayi yake. Shafin StopNCII.org, wanda aka buɗe a 2021 don manya, yana ciro wata lambar shaida daga hoton ba tare da hoton ya bar wayar mai shi ba, sai kamfanonin da ke cikin tsarin su toshe shi. Shafin Take It Down na yin irin wannan aiki ga 'yan ƙasa da shekara 18.

Inda ake kai ƙara a Abuja

Sojan gona da barazana na zuwa Cibiyar Yaƙi da Laifukan Intanet ta Rundunar 'Yan Sandan Najeriya. In an karɓi kuɗin mutane da hoton, hukumar EFCC da ke Jabi na da hurumi. Ƙorafi a kan kamfani na zuwa Hukumar Kare Bayanai, wato NDPC. Cin zarafin mata da yara na hannun hukumar NAPTIP, wadda ke aiwatar da Dokar Hana Cin Zarafi a Babban Birnin Tarayya. Mai neman diyya ko umarnin a sauke hoto kuwa zai iya shigar da ƙara a babbar kotu.

Rigakafi

Taƙaita masu ganin hotuna ga waɗanda aka sani, ƙarfafa kalmar sirri da tabbaci mai mataki biyu, da goge waya tas kafin a sayar da ita, duk suna rage haɗari. Haka cire katin ajiya kafin a miƙa waya ga mai gyara. Masu biki su yi magana da mai hoto da mai kwalliya tun farko, a rubuta abin da aka yarda a wallafa. Iyaye kuma su guji sa hoton yara da rigar makaranta, domin tana nuna inda za a same su.

Jama'a ma na da nasu alhakin. Hoton tonon asiri ba ya yaɗuwa sai da hannun masu turawa, kuma mai turawa abokin tarayya ne a cutarwar. Abin kunya na wanda ya saci hoton ne, ba na wanda aka sace wa ba. Don haka wanda abin ya same shi ya adana hujjarsa ya nemi haƙƙinsa, iyalinsa kuma su tsaya masa maimakon su tsangwame shi.