Maro Itoje: Gwarzon Turereniya a Wasan Zari-Ruga

A nan Jos, idan mutum ya leƙa gidajen kallon ƙwallo na Taminus ko na hanyar Bauchi, da wuya ya tarar ana kallon zari-ruga, ko da yake a Kano an kafa kulob ɗin wasan mai suna Barewa. Ni kaina sunan ne ya fara jan hankalina. Bahaushe ya ga mutum ya zari ƙwallo ya ruga da ita, sai ya raɗa wa wasan suna daga abin da idonsa ya gani. To amma sunan ya faɗi rabin labari ne. Kafin wani ya zara ya ruga, sai wasu sun ƙwato masa ƙwallon, kuma Maro Itoje cikin waɗannan yake.

Kowane ɓangare yana da 'yan wasa 15. Masu lamba 1 zuwa 8 su ake kira 'yan gaba. Kada mai karatu ya ɗauka irin ɗan gaban ƙwallon ƙafa ne mai jiran cin raga. Waɗannan ƙarti ne, aikinsu kokawar mallakar ƙwallo. Idan an yi ƙaramin laifi, sai takwas ɗin su sunkuya su sarƙe kafaɗu, su yi turereniya da takwas na abokan karawa, a jefa ƙwallon a tsakiya. Idan kuma ƙwallo ta fita fili, sai su yi layi biyu a jefo ta ta tsakaninsu, a cicciɓi dogo guda sama ya cafke. Mai lamba 4 ko 5, gurbin da Itoje ya fi bugawa, shi ke turo na gabansa daga baya, kuma galibi shi ake cicciɓawa. Aiki ne na wahala wanda ɗan kallo ba ya cika lura da shi.

An haifi Oghenemaro Itoje a Landan ranar 28 ga Oktoba, 1994. Iyayensa 'yan Nijeriya ne, sunan kuma na Urhobo ne, inda Oghene ke nufin Ubangiji. A kulob ɗin Saracens ya tashi, kuma bai bar shi ba ko da aka mayar da kulob ɗin rukuni na biyu a 2020 saboda karya dokar albashi. A 2014 ya jagoranci matasan Ingila 'yan ƙasa da shekara 20 suka ci kofin duniya. A Fabrairun 2016 ya fara buga wa babbar tawagar Ingila, a wasa da Italiya, kuma a shekarar aka zaɓe shi gwarzon Turai.

A ganina wasan da ya fi nuna ko shi wane ne shi ne na kusa da na ƙarshe a gasar kofin duniya ta 2019 a Japan. Ingila ta doke New Zealand da maki 19 da 7, Itoje bai ci maki ko ɗaya ba, amma shi aka ba kyautar gwarzon wasan, saboda yadda ya riƙa fizge ƙwallo yana hana su sakat. Mako guda bayan nan Afirka ta Kudu ta lallasa su 32 da 12.

A Janairun 2025 ya zama kyaftin ɗin Ingila. A shekarar kuma ya zama baƙar fata na farko da ya jagoranci Lions, tawagar haɗin gwiwar Birtaniya da Ayilan, suka ci Ostareliya wasa biyu cikin uku.

Wani abin da zai ba mu sha'awa mu ɗaliban harshe shi ne, digirinsa na kimiyyar siyasa a SOAS ta Jami'ar Landan ya yi shi, makarantar da su Graham Furniss da Philip Jaggar suka daɗe suna koyar da Hausa. A 2023 ya kafa gidauniyar Pearl Fund domin ɗaukar nauyin karatun yara marasa galihu a Nijeriya.