Taba, Bashi da Bayi: Abubuwan Mamaki Daga Gidajen Masu Gandun Bajiniya

Jama'a, yau mun leƙa tsofaffin takardun gado na manyan manoman taba na Bajiniya a Amurka, gidajen nan masu ji da asali. Ku gyara zama, akwai na dariya, akwai kuma na takaici.

A Bajiniyar farko ganyen taba shi ne kuɗi. Da shi ake biyan haraji da tara, har da albashin limamin coci, wanda doka ta yanka wa laba 16,000 a shekara. Farashi ya tashi, fasto ya washe baki!

A 1620 da 1621 an yi jigilar 'yan mata daga Ingila domin gwagwaren da suka cika Bajiniya. Wanda ya yi dace da amarya zai biya kuɗin jirginta, laba 120 na taba, daga baya ya koma 150. Ba taba, ba tarewa.

Daga 1618 duk wanda ya biya wa wani kuɗin jirgi zuwa can, sai a ba shi eka 50 kyauta, kuma an daɗe ana sa 'yan Afirka da aka sato a cikin wannan lissafi. A sayi mutum, a kuma karɓi tukuicin fili a kansa. Arzikin gidaje da dama daga nan ya tsiro.

Taba tana tsotse ƙasa cikin shekara uku zuwa huɗu, saboda haka kullum mai gandu idonsa na kan sabon daji. Wani da ake wa laƙabi da "Sarki" ya mutu a 1732 ya bar eka kusan 300,000 da ɗaruruwan bayi. Ko dokinsa bai san iyakar gonar ba.

Zazzaɓi da atuni sun yi ta ɗauke magidanta da ƙuruciyarsu a ƙarni na 17, har mace kan yi aure uku ta binne miji uku. Gida ya cika da agololi da 'yan uba, kowane sabon aure kuma ya haɗe gandu biyu. Bazawara mai fili, makoki na ƙarewa manema na layi.

Auren zumunci kuwa sun riƙe shi gam, don kada gona ta fita daga dangi. Ga su da maimaita suna: kaka, uba, ɗa da jika duk abu ɗaya, sai dai a liƙa lamba, wani gidan har na biyar. Masu bin salsala a yau sai da maganin ciwon kai.

Wani attajirinsu ya riƙa rubuta abin da ya yi kullum daga 1709 zuwa 1712 da wani rubutun sirri, ba a buga shi kowa ya karanta ba sai 1941. Da asuba ya karanta Ibrananci da Girkanci, ya yi addu'a, ya karya da dafaffiyar madara, a shafukan nan dai kuma ya lissafa waɗanda ya sa aka yi wa bulala, har da yaron da ya tilasta wa shan fitsari don ya yi fitsarin kwance. Ilimi daban, imani daban.

Ɗan wannan mutumin caca da tseren dawaki suka cinye shi, har ya sa filayen gado a cacar tikiti a 1768, bashin kuma bai biyu ba. Uba ya tara, ɗa ya watsar.

Bashi ma gadonsa ake yi. Keken doki, tufafi da tangaran duk daga fataken Landan suke zuwa a kan tabar baɗi, har wani fitaccensu ya mutu a 1826 ana bin sa sama da dala 100,000, shekara na zagayowa aka yi gwanjon mutum 130 daga gandunsa. Wani ya ci bashi, wasu suka biya da 'ya'yansu.

Dokar 1662 ta ce ɗa yana bin matsayin uwarsa. A nan gida mun san ɗan ƙwarƙwara ɗa ne, yana gado har ya hau karaga; a can kuwa ɗan da maigida ya haifa da baiwarsa bawa ne, ɗan'uwansa na jini ma yana iya gadonsa. Jini ɗaya, wani a falo wani a gona.

A takardar rabon gado za ka ga sunan mutum da farashinsa a layi ɗaya da shanu, gadaje da tukwane. Iyayen giji kan laƙaba wa bayi sunayen manyan Rumawa, amma sunayen rana na mutanen Gana, irin su Kofi na Juma'a da Kwasi na Lahadi, sun tsallake teku sun zauna daram. Ɗanjuma da Ɗanladi, ga takwarorinku!

Wani babban mai gandu a bakin kogin Potomac ya bar wasiyya a 1799 cewa a 'yanta bayinsa 123 ranar da matarsa ta mutu. Baiwar Allah ta duba ta ga mutum 123 na jiran labarin mutuwarta, sai ta sallame su tun a farkon 1801. Sauran 153 kuwa na gadon mijinta na farko ne, doka ba ta ba mai wasiyyar ikon sakinsu ba, ga shi an riga an yi auratayya: miji ya zama ɗa, mata da 'ya'ya suna hannun magada. Farin ciki da kuka a tsakar gida ɗaya.

Jikan "Sarkin" nan da muka ambata shi ya ba dangi mamaki. A 1791 ya shigar da takarda kotu ta 'yanta bayinsa sama da 450 kashi-kashi, tun yana raye, maƙwabta na ta guna-guni. Wannan kam ya cancanci jinjina.

Ƙidayar 1850 da ta 1860 sun rubuta bayi da shekaru, jinsi da launin fata a ƙarƙashin sunan ubangijinsu, kusan dukkansu babu suna, alhali a 1860 sun kusa miliyan huɗu a faɗin Amurka. Sai a ƙidayar 1870 yawancinsu suka bayyana da cikakken suna, shi ya sa jikokinsu masu neman asali ke komawa wasiyyoyi da takardun gwanjon gidajen da suka mallaki kakanninsu, wasu kuma su haɗa da gwajin jini. Sau da dama bincike kan kai su har kan maigidan kansa!